Yadda Za Ka Sauya Shokozoban Babur Haƙoranka Na Nan Cif

Da farko ka tabbata shokozobanka mutuwa ya yi, ba suma ba. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. In ya taso sau ɗaya ya natsu, da sauran ransa, mayar da kuɗinka aljihu. In kuwa ya yi ta rausaya, ko ka ga mai ya jiƙa jikinsa ƙura ta manne, sai dai mu ce Allah Ya ba ka haƙuri. Sifirin da kake gani a waje nauyi kawai yake ɗauka. Man da ke cikin bututun, wanda ake matsawa ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, shi ke hana sifirin tsalle yadda ya ga dama. Ranar da man ya tsiyaye, ranar tarbiyya ta ƙare.

Sai kasuwa. Ko Panteka ka nufa a Kaduna ko layin 'yan kayan babur na garinku, magana ɗaya za ka ji: "Oga, wannan orijina ne, ɗan Indiya." Ɗaga shi ka jinjina, ka gyaɗa kai, don mai shago ya ɗauka ka san hannunka. Abin aunawa na gaskiya tsawo ne, daga ramin noti na sama zuwa na ƙasa, saboda haka tafi da tsohon a leda. Kuma biyu ake saya. Wanda ya sayi ɗaya don tsimi zai koma gida da babur mai ra'ayi biyu, hagu na cewa a sauka, dama na cewa a tashi.

Masu Boxer sun fi kowa alfahari, don kamfanin Bajaj ya yi musu sifirin cikin sifirin, ƙarami a cikin babba. Da alama injiniyoyin Indiya sun ji labarin hanyoyinmu. Abin da bai kai kunnensu ba shi ne labarin ranar kasuwa: buhun masara biyu, akuya a kan tanki, ga Hajiya da goyonta, duk a kan inji mai cc 100. Maganin da muka ƙirƙiro shi ne a je wajen mai walda ya ƙara wasu shokozoba biyu, su zama huɗu. In ka zaɓi wannan, ina taya ka murna, ka mallaki babur da ba ya durƙusa wa kowa. Da kaya zai tafi lafiya lau. Ranar da ka hau kai kaɗai kuwa, kowace tsakuwa sai ta gaisa da ƙashin bayanka, kamar ka hau amalanke. Abin da ya fi ciwon baya muni shi ne taya: a kan gargada, shokozoba mai tauri ba ya barin ta ta bi ƙasa, sai ta riƙa tsalle, ita kuwa tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta kuma riƙe kwana. Dukan da sifirin ya ƙi sha, firam da sifok ne za su shanye, kuma mai walda na nan yana jiran dawowarka.

Akwai kuma 'yan gayu masu sa dogon shokozoba don bayan babur ya ɗaga. Wannan yana sauya tuƙi fiye da yadda ake zato. Nauyi ya karkato gaba, kai ya yi saurin juyawa, a cunkoso sai ka riƙa kurɗawa kana jin kanka gwani. Hau babbar hanya ka buɗe wuta, kan babur zai iya fara kaɗawa ba da izininka ba. Daurin sarƙa ma ya sauya, sai an sake saita ta. In kai gajere ne, ka fara koyon tsayawa da babban yatsa. Wanda bayan babur ɗinsa ya zauna ƙasa kuma nasa daban: gaba ya yi sakayau, kwana ta yi faɗi, fitila na haska saman bishiya, ramin kuwa sai an faɗa ake sanin yana nan.

Yanzu ga sirrin da ba ya cin ko sisi, shi ya sa ba mai ganin darajarsa. A gindin sifirin akwai zobe mai matakai, galibi biyar. Ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, tsayin zaman babur yake gyarawa. Zauna da irin nauyin da ka saba ɗauka, wani ya duba: abin so shi ne shokozoba ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsa. Ya wuce haka, ƙara mataki. Hagu da dama su zama daidai, ba a sa wannan na biyu wancan na biyar.

Shokozoban gaba kuwa maraya ne, ba mai tuna shi sai ya fara kuka. In kana taka birki babur na sujada, mai ya lalace ko ya zube. Bakanike zai ce, "Bari mu ɗura baƙin mai, duk mai ne." Ce masa, "Maigida, ka yi wa Allah ka auna." Kowace ƙafa da mudunta, kuma iri ɗaya. In man ya yi yawa gaba ya ƙage, sil ya fashe.

Kafin ka yanke hukunci kan aikin, biya wajen mai faci, ka nace ya sa geji, ba babban yatsansa ba, don taya mai iska fiye da kima tana ɓata sunan shokozoban kirki. Gwajin farko kuma kada ka ɗauki uwargida, balle surukarka. Ɗaura buhun yashi, shi ba ya kai ƙara wajen mai unguwa.