Kawu Ya San Komai

Akwai ciwon da nake fama da shi wanda ba a samun maganinsa a kemis: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Tambaye ni duk abin da ka ga dama game da tarihin Katsina, kafin ka rufe baki na ba ka amsa, da shekara, da sunan sarki, har da abin da sarkin ya faɗa a ranar. Rabi a majalisa na tsinta, rabi kuma nan take nake ƙera shi. Abin da ya sa ciwon ya yi jijiya shi ne garinmu ɗakin kara ne. Mutum zai ji kana zuba, ya san sarai ba haka ba ne, ya ce "Haka ne fa, Malam," ya kama gabansa.

Wanda bai yi mini kara ba ɗan ƙanwata ne, ɗalibi daga Zariya, da ya zo hutu ya ce yana son ganin wuraren tarihi. Na ce masa faɗuwa ta zo daidai da zama. A unguwar Gobarau aka yanke cibiyata, a inuwar hasumiyar nan na yi langa. Abin da na ɓoye masa shi ne ban taɓa hawanta ba.

Muna isa gindinta na gyara hula, na bayyana masa cewa Bayajidda ne ya gina ta don hango abokan gaba. Dattijon da ke riƙe da makulli ya yi gyaran murya. "Alhaji, Bayajidda ai na Daura ne. Wannan da zamanin Muhammadu Korau ake danganta ta, Musulmi na farko da ya sarauci Katsina. Babban masallaci ne a nan da makaranta, hasumiyar ce ta rage." Na ce ai abin da nake shirin faɗa ke nan, ya riga ni. Tsawonta wajen ƙafa 50 ne kawai, amma a tsakiyar matakala sai da na tsaya ina shafa bango, wai ina duba ingancin tubali, alhali numfashina nake nema. Tun a ƙasa na yi wa yaron alkawarin zai hango Daura daga sama. Abin da muka hango rufin kwano ne da tankunan ruwa, sai gidana can da shanya a igiya.

A tsohuwar kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce, na ce Sardauna ya gina ta. Yaron ya ce, "Kawu, a 1922 Gwamna Clifford ya buɗe ta, lokacin Sardauna ko gashin baki bai fara ba. Karatu ya zo yi nan, kamar Tafawa Ɓalewa." Na ce mu hanzarta, rana na yi.

Washegari muka nufi ƙasar Mani don ganin Durɓi ta Kusheyi. A mota na samu bakin magana, domin akwai tarihin da na sani da gaske, wanda na kalla a waya har data ta ƙare: na ƙasar Meziko. Na ba shi labarin kangon birnin Monte Alban a jihar Wahaka, inda Alfonso Caso ya tono kabari na 7 a 1932, ya tarar da zinariyar manyan ƙabilar Mishtek jibge tare da ƙasusuwansu. Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Na rufe da cewa, "Ka ga mutanen da kakanninsu suka bar abin nunawa. Mu nan me aka bar mana in ba tatsuniya ba?"

Sai muka ɓata. Tambaya kuwa, a wurina, daidai take da amsa laifi, don haka muka yi ta zagaye gonakin gero ina cewa na gane waccan bishiyar kuka. Yaron ne ya gaji ya sauke gilashi ya tambayi wani ɗan acaɓa, wanda ya sa mu a hanya cikin minti kaɗan.

Da muka isa ban ga gini ba, ban ga ƙofa ba, sai fili da 'yan tuddai. Na hau ɗaya don in hango da kyau, na ƙwala wa wani tsoho da ke noma kira: "Baba, barka da aiki! Ina kusheyin suke?" Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni. "Ai kana kan ɗaya, Alhaji. Sauko."

Shi ya zaunar da mu ya jero mana sarakunan Durɓawa, daga Kumayau har Sanau, wanda aka ce Korau ya kayar a kokawa ya karɓe sarauta. Ya ce shi ya sa har yau Durɓin Katsina, hakimin Mani, yana cikin masu zaɓen sarki. Ɗan ƙanwata ya ɗora da nasa: Bature Palmer ya haƙa wurin a 1907, Jamusawa suka dawo da ma'aikatan gidajen tarihi na Najeriya a 1992, aka fito da 'yan kunnen zinariya, da tasar tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya, da wuri, da duwatsun ado, da awarwaron hauren giwa, aka kai birnin Mainz aka gyara su. Wato tun ɗaruruwan shekaru fatake ke ratso Sahara da kaya zuwa wannan fili. Sai ya juyo a hankali ya ce, "Kawu, ɗazu me ka ce an bar mana?"

Da dare na kai maganar majalisa, a nan na ɗan samu sauƙi. Akwai wanda ya je Dubai, akwai wanda ya ɗauki hoto a gaban dalar Masar, amma babu wanda ya taɓa taka Durɓi ta Kusheyi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Duk da haka kowa yana da bayaninsa a kai, kuma kowa ya rantse. Ni da na je na gani sai na zama gwani. Na ba su labarin tasar, da 'yan kunnen, da wurin, har na kai ga takobin zinariya mai tsawon kamu biyu.

Daga bakin tabarma yaron ya ce, "Kawu, takobi kuma?"

Na ce ya tashi ya dubo mana ko shayin ya nuna.