Wasiƙar Sarkin Masauki

Birmingham, Ingila

Zuwa ga taubashina, bawana na Fagoji,

Ka gaishe mini da Gwaggo, da su Kawu na Kiyawa, da matarka, baiwar Allah mai haƙurin zama da kai.

Albishirinka! An yi mini sarauta. 'Yan gida mazauna Ingila mun shirya taron zumunci, aka ce ni ne Sarkin Masauki, ni zan samo wa baƙi wurin kwana. Na karɓa da murna, don ka san yadda muke yi a Dutse. In biki ya tashi a share zaure, a aro tabarmi a maƙwabta, mata su cika ɗakin Gwaggo, wanda ya rasa wuri ya lallaɓa shagon samari. Manyan baƙi a kai su otal ɗin G9 ko Three Star, masu ji da kansu kuma su bi ta Kwanar Huguma su kwana a Kano.

Na buga wa wani otal waya na ce ina da baƙi. Matar da ta ɗauka ta ce, mutum nawa? Na ce Allah ne masani. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can sai ta jero sharuɗɗa. In ɗakuna sun kai goma akwai rangwame, amma sai an sa hannu a takarda an ba da kafin alƙalami. Sai na aika sunan kowane baƙo da na wanda za su kwana ɗaki ɗaya. Saura wata guda a yi taro, duk ɗakin da ba shi da suna sun sayar wa wani. Kuma in mutanena suka ƙi zuwa, ni zan biya. Taubashi, ka taɓa jin an biya kuɗin barcin da ba a yi ba?

Ga shi garin nan akwai wani makeken wurin baje koli, NEC, tun 1976 yake. Makon da yake da babban taro, kuɗin ɗaki tashi yake kamar kuɗin rago ana jajibirin Layya.

Na ce kowa ya turo sunansa ta WhatsApp. Rabinsu suka ce, "Sai dai yadda ta yiwu." Matar otal ta ce wannan e ne ko a'a? Na ce a garinmu duka biyun ne.

Ranar taro wani Alhaji da ya rantse shi kaɗai zai zo ya sauka da uwargida, da yara huɗu, da wani ɗan Jahun da ya tsinta a tashar jirgin ƙasa a Landan. Ya ce ba komai, a yi musu shimfiɗa a ƙasa. Aka ce dokar gobara ta hana: ɗakin mutum biyu na mutum biyu ne. Wasu sun iso da hantsi, aka ce ba makulli sai ƙarfe uku. Da dare wata Hajiya ta kunna turaren wuta, ƙararrawa ta ɗauka, otal gaba ɗaya muka fito titi cikin sanyi, Turawa da kayan barci, mu da manyan riguna. Da safe kuma ni ne ɗan gadin tiren naman alade, ina nuna wa dattawa inda ƙwai yake.

To, ga dalilin wasiƙar. Bikin Auta bayan Sallah zan zo da abokan aiki shida, kuma na naɗa ka Wakilin Masauki. Ka kama ɗakuna tun yanzu. Tunda aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, in yaye ɗalibai ya haɗu da taron gwamnati a zauren Sa Ahmadu Bello, ɗan asuba ne kawai ke samun gado a garin. Ka tambayi ruwa, ka tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta, ka karɓi rasit, kada ka yarda da "ai mun saba".

Kafin alƙalami kuwa ka biya daga aljihunka, a cire cikin kuɗin sharar da nake binka tun barina gida. Canjin ka sayo mini dabino.

Ubangidanka,
Sarkin Masaukin Ingila