Bakaniken Ranar Asabar

Akwai magidancin da ke wayar gari ranar Asabar ya yanke hukuncin cewa kuɗin bakanike asara ce. Wayar birkin hannu ta tsinke tun damina, mota tana kwana da dutse a bayan taya, sai yau zuciya ta motsa. Ya je Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwar waya da shu, ya ɗaga mota a jak, yara suka kewaye shi.

A baki, aikin ba wuya. Birkin hannu ba ruwansa da man birki. Waya ce kawai ke jan shu na tayoyin baya su kama dirom. Ruwa ya shiga rigarta, tsatsa ta ci, shi ke nan. Rigimar tana cikin dirom ɗin. Akwai wasu 'yan sifirin a ciki da ba su san girman mutum ba: ka taɓa ɗaya da filaya, ya yi tsalle sai cikin kwata. Masu sana'ar gefe ɗaya suke kwancewa, su bar ɗayan suna leƙawa. Gwanin namu duka biyun ya zubar, wai sauri yake.

Da la'asar uwargida ta leƙo. "Baban Abba, wannan ƙarfen da yaran nan ke wasa da shi fa?"

"Rara ne. Bature ya cika ƙari."

Bayan magariba aka tura Abba kiran bakanike. Bakaniken ya duba da tocila, ya yi salati, ya ninka kuɗin aiki.