Kemo Bai Ba Ku Tsoro Ba, Sai Allurar Dantse?

Sannunku da ƙoƙari, likitocin majalisar shayi na Injamena. An ce kun yanke hukunci: mai ciwon daji kada ya kuskura ya karɓi rigakafi, wai ba a ƙara wa wuta fetur. Madalla da wannan binciken da aka kammala kafin a sauke buta ta biyu.

To Alhaji, kai ne fa ka kai Hajiya asibiti, ka zauna kana kallo ana ɗura mata kemo ta jijiya, sumarta ta zube, tuwo ya daina shiga, ba ka ce uffan ba. Jiƙon da ka sayo a kasuwar Dembe cikin gorar ruwa, ba suna ba awo, shi ma ta shanye da bisimilla. Allurar dantse ce kaɗai ta tuna maka makircin Turawa?

Na san za ka kawo min Kano. Gaskiya ne, a 1996 Pfizer ya gwada Trovan a kan yara masu sanƙarau, 11 suka rasu. Amma wancan magani ne, ba rigakafi ba. Da aka ƙaurace wa ɗigon shan inna a 2003 kuma, cutar ba ta tsaya neman biza ba, har Chadi ta shigo.

Kada ka yi saurin tashi, akwai inda ka ci rabin maki. Kemo na kwantar da garkuwar jiki, shi ya sa rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana, irin na shawara da ƙyanda da ɗigon shan inna, ba a bai wa mai shan kemo. Na korona da aka fara a Chadi a 2021, da na ciwon hanta nau'in B, ba mai rai a cikinsu. Abin lura a nan lokaci ne: an fi so a yi su mako 2 kafin a fara kemo, jiki na da sauran ƙarfin amsawa. Ciwon hantar nan kuwa, shi kansa yana jawo dajin hanta. Kuma tarin da kai za ka kora da shayi mai citta, ita zai iya kwantar da ita har a ɗaga ranar kemo.

Likitoci ma ba za su tsira daga bakina ba. Bayani da Faransanci cikin sauri ga tsohuwar da Larabcin Chadi ko Hausa take ji, ai dole ta koma wajen ɗan'uwanta mai WhatsApp.

Gobe in an ce ku tafi Kamaru ko Masar a yi mata gashin ciwon dajin, za a iya neman katin shawara a hanya. A nan likitanta ne zai rubuta takardar uzuri. Shugaban majalisarku yana da hatimi, Alhaji?