Harafin da yake cin albashi a zaune

Wani mai digiri biyu da nake bi bashi tun azumin bara ya gyara mini Turanci a makon nan. Na tura masa saƙon murya ina tuna masa "debt" ɗin da ke kansa, sai ga amsa: "Haba Yaya, ai ba a furta 'b' ɗin. Det ake cewa." Kuɗi kuwa ko kwabo.

Wannan "b" ai ma'aikacin bogi ne. A wurin Faransawa mutanen Ingila suka aro kalmar, "dette", babu "b" ko na magani. Daga baya wasu malamai masu ji da Latin suka ga ta yi musu kama da marar asali, suka cusa mata harafin don a san jikar "debitum" ce. Yau fiye da shekara 400 ke nan sunansa yana cikin takarda, ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Ba ya zuwa aiki, ba ya ritaya, kwamitin tantancewa bai taɓa kiransa ba. Har ƙanensa "p" ya samu gurbi a "receipt" ta wannan hanyar. Shi kam da ya iso kasuwarmu aka sallame shi ba ko kuɗin mota, muka ce rasit, ciniki ya ci gaba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu gadin waɗannan haruffa. Mutum zai yi wa dattijo dariya a layin banki don ya furta "t" ɗin "mortgage", alhali jinginar gidan gadonsu ta kusa cinye gidan. Ka iya lanƙwasa harshe kamar haifaffen Landan, lambar mai binka kuma ta shigo ka kife waya.

Shi kansa bankin da ake wa wannan yanga, asalinsa benci ne, "banca", wanda 'yan canjin Italiya suke baje kuɗi a kai. Dala kuma daga wani kwari a Bohemiya ta fito, Joachimsthal, inda aka riƙa buga kuɗin azurfa wajen 1520. Kakanninmu sun yi ciniki da 'yar uwarta mai hoton Maria Theresa da shekarar 1780 a jiki. Je ka kasuwar canji ta Wapa ka gaya wa ɗan canji bai iya faɗin sunan dala ba, ka gani ko zai rage maka naira ɗaya.