Yadda Ake Jin Daɗin Duniya a Baure Ba Tare da An Sayar da Akuya Ba

Akwai wata magana da samarin yanzu suka riƙe a baki, wai Baure babu wurin zuwa. A teburin mai shayi ake jin ta, yawanci daga bakin yaron da ya yi wata uku a Kano ya dawo da baƙin tabarau. Duk sanda na ji ta sai raina ya sosu, domin garin da yake rainawa shi ya goya shi, kuma na san abin da ke cikinsa. Shi ya sa na ɗaura aniyar rubuta masa 'yan shawarwari, shi da duk mai irin ciwonsa. Kyauta ne, ko goro ban nema ba.

Da farko, ƙanena, ka rage kallon kalandar bango, ka riƙa kallon sama da ƙasa. Daɗin ƙasar Daura ɗan lokaci ne kamar ɗanyar masara, in ka makara da mako biyu sai ka tarar ta zama ta tuwo. Mai cewa “sai na samu hali” shi ke wayar gari ya ga an kai gero rumbu, an watse daga fagen dambe, amare sun tare, shi kuwa halin nasa bai iso ba tukuna.

Da an yi ruwan shuka, ka nemi aboki mai amalanke. Na san zuciyarka ta fi karkata ga aboki mai mota, amma rairayin ƙasarmu ba ya jin kunyar mota, kuma ba a taɓa jin bijimi ya tsaya a hanya don mai ya ƙare ba. Ku ɗora yara, ku ɗora jarkar ruwa, ku taimaka wa Gwaggo ta hau tsakiya. Ƙwaryar fura kuwa a ba wanda ya fi kowa tsoron Allah ya riƙe, domin hanyar gona tana da nisa ga mai kwaɗayi. Idan an gayyace ka gayya, ka je da fartanyarka, kada ka je da baki kawai. Ka tsaya kusa da makaɗi don ƙarfin gwiwa, amma ka riƙa duban na gefenka, saboda wanda ya bar kunyarsa a baya ya kwashi kunya biyu, ta gona da ta gari. Da azahar za a sauke tuwo da kwaɗon tafasa wanda ya ji ƙuli-ƙuli, a nan ne za ka gane cewa yunwar da mutum ya nemo da guminsa ta fi kowane magi daɗin miya.

Kaka kuwa, wannan ita ce uwar shekara, kuma a kanta zan fi daɗewa. Kada ka yarda a yi kaka kana wani gari. In maigidanka ya hana ka hutu, ka ce masa tumu ya nuna, in Bahaushe ne zai gane.

Ga yadda ake cin tumu, don an fara samun 'ya'yan manoma da ba su sani ba. Za ka bi Kawu gona da hantsi. Zai ratsa cikin gero yana taɓa zangarniya ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, kada ka yi masa gaggawa, ya san wadda yake nema. Idan ya karyo huɗu ko biyar, sai a haɗa 'yan karare a kunna, ya riƙa juya su a kan harshen wuta har ƙwayoyin su fara ƙara suna tsalle. Sannan ya murje a tafin hannunsa, tafin da ya yi kanta har ba ya jin zafi, ya hure ƙaiƙayin a hankali, ya miƙa wa mafi ƙanƙanta a cikin yaran. Haka dokar take, ƙarami ne ke fara ci. Kai babba ka haɗiye yawu ka jira, layi zai zo kanka. Na ga yarinya 'yar shekara huɗu ta karɓi nata da hannu biyu, ta tsuguna a gindin gawo tana tsinta ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga kuɗin adashe, ta ƙi yarda kowa ya matso. Har yau ban ga wani ɗan birni da leda mai ƙyalli a hannu ya kai ta farin ciki ba.

Bayan tumu sai gyaɗa. A tuge ta da ganyenta, a tula busasshiyar ciyawa a kai, a cinna wuta, in ta mutu kowa ya sa tsinke yana tono a cikin toka. Sharaɗin wurin ɗaya ne, ba a zuwa da farar shadda, kuma ba a yi wa wani dariyar baƙin baki, don kowa nasa bakin haka yake. Idan an tashi, ka ɗauki dami ɗaya ka kai amalanke. Wanda ya ci tumu ya gudu kafin ɗaukar dami, baɗi ba za a gaya masa ranar ba.

Da yamma ka bi ƙarar kalangu. Tun kaka da kakanni, lokacin girbi ne 'yan dambe ke yawo gari-gari, domin a lokacin ne manomi ke da abin kyauta. Ka je da abokanka, ku zaɓi gwaninku, ku yi ta musu. Sai dai ka kiyaye abu biyu. Kada ka zauna a sahun gaba, saboda wanda aka kai ƙasa ba ya zaɓen inda zai faɗi. Kuma komai daɗin kiɗa kada ka miƙe ka ɗaga hannu kana kirari, a fage ɗaga hannu magana ce, akwai mai amsa ta. Daga nan har sanyi ya kankama, wanda ya sayar da riɗi da wake zai fara maganar aure, katin gayyata zai yi ta zuwa. Ka halarci duk wanda ka iya. Kada ka ce ba ka da gudummawa mai kauri, mai biki yakan manta abin da ka kawo amma ba ya manta wanda bai zo ba.

Sallah ba ta bin damina ko rani, kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, don haka wanda ya yi haƙuri zai ga hawa cikin ruwa, ya gan shi cikin ƙura. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar nan: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, kuma ranar hawa duk hakimansu a Daura suke haɗuwa. Ka shirya ganin Hawan Magajiya, ka kuma sa Sallar Gani ta watan Mauludi a lissafi, don ita ce Daura ta fi shahara da ita. Ka fita da sassafe. Ka ɗauki yaro ɗaya ka saɓa a wuya, in ba ka haifa ba ka ari ɗan Yaya. Amfaninsa biyu ne: shi zai ga dawaki da 'yan lifidi da lemar Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gadon tun 2007, kai kuma mutane za su riƙa buɗe maka hanya saboda shi. Ka yarda da ƙurar, tana cikin kallon.

A hanya, idan mota ta ratsa Zango, kada ka bar yaron ya yi barci. Ka gaya masa cewa bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, gidan tsohuwar sarautar Daura ya bar birni, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, har zuwa 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa daga Zango kan gadon kakanninsa. Yaron da ya san haka ba zai girma ya ce garinsu ba komai ba ne. In kun isa, ku biya rijiyar Kusugu ya sha ruwa. Zai tambaye ka ko macijin da Bayajidda ya kashe ya bar 'ya'ya a ciki. Ka ce masa a'a da ƙarfi, kafin ya ƙi shan ruwan randar gida.

Wata Lahadin kuma ka haɗa abokai ku tafi kasuwar Mai'aduwa kallon dabbobi. Ba sai da kuɗi ba. Za ka ga raƙuma da shanu da raguna daga Nijar, ka ji Hausar Damagaram da ta Kano suna ciniki a kan sa ɗaya. Abin da zan roƙe ka kawai, kada daɗin kallo ya sa ka taya raƙumi. Muddin mai shi yana cewa “albarka” kana cikin rufin asiri, amma ranar da ka ji “na sallama”, ga dillali ya riƙe hannunka, ga aljihu babu komai sai kuɗin mota, to ranar za ka san abokan da ka zo da su. Ku sayi tsire da rake, ku dawo gida da labari.

Zumunci kuma ba a ajiye shi sai an ji mutuwa. Da yawanmu muna da Inna ko Baffa a hayin iyaka, wajen Magarya, ta hanyar Babban Mutum. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mun ɗanɗana yadda tafiyar rabin yini ke komawa abin tunani. Tun da hanya a buɗe take, ka ɗauki sabulu da ɗan sukari ka je ka kwana biyu. Kuma in watan Cika-ciki ya kama, ka tanadi kuɗin shara kafin taubashinka ya tare ka a bainar jama'a. Ka biya, amma ka ja masa rai tukuna, don tsiyar da za ku yi wa juna ita ce ribar, kuɗin hujja ne kawai.

Bazara ba ta da dogon bayani. Inuwar darbejiya, tabarma, ruwan randa, kankana in an samu. Ka zauna wurin masu dara ka yi kallo, amma ka kame bakinka, ɗan kallon da ke nuna wa wani inda zai kasa shi ke raba abotar shekara talatin.

Saura hunturu, da maganar waya. Ban ce ka jefar da ita ba, na ce in an yi sallar isha'i ka kai ta wurin mai caji ka bar ta ta kwana can. Sannan ka shafa man kaɗanya a kaushinka, ka sayi goro biyu masu kyau, ka yi sallama a ɗakin Kaka. Za ka tarar da kaskon wuta a tsakiya, jikoki sun kewaye shi sun miƙa tafin hannu, ƙaramin cikinsu yana fama da goruba tun la'asar bai ci rabinta ba. Za ta ɗago ta dube ka ta ce, “A'a, yau mijin nawa ne ya tuna da ni? Ko kishiyar tawa ta kore ka?” Ka ce, “Ranki ya daɗe, wace kishiya kuma bayan ke?” Ka miƙa goron da hannu biyu, ka samu gefen tabarma. Za ta ce ta manta tatsuniyoyi, tsufa ya kwashe. Kada kowa ya yi musu. Ku yi shiru, a ƙara itace ɗaya a wuta. Kafin ya kama sosai za ka ji ta gyara murya, Gizo ya riga ya fito daga gida yana shirya wa Ƙoƙi wata ƙarya, yaron nan mai goruba kuma ya matso ya jingina da gwiwarka.