Ɗakin Tattabara a Bodinga

Ɗakin tattabara a Bodinga iri biyu ne: wanda mai gida ya gina, da wanda tattabarar ta zaɓa. Ba kasafai suke zama ɗaya ba.

Na farko yana cin kuɗi. A kira kafinta, a sayo katako da waya mai ƙananan ido, a ɗaga ɗakin sama saboda muzuru da gafiya. Ba a barin rufin kwano tsirara, don a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, kuma ba don gashi aka sayo tattabarun ba. Kowane miji da mata a ware musu gurbinsu, tunda ƙwai biyu macen ke yi, su riƙa kwanci bi da bi har wajen kwana 18. A zuba gero, a ajiye kaskon ruwa. Daga nan mai gida, wanda ɗakinsa ke yoyo tun daminar bara, ya ja da baya yana yaba aikin.

Na biyu tsohuwar tukunya ce mai fasasshen baki, rataye a katangar maƙwabci. Can tattabarar ke tarewa. Gero kam a gida take ci, kuma ba ta makara.

Masu kiwo, daga Sifawa har Shagari, sukan tsare sabuwar tattabara a ɗaki na wasu makonni, ko su rage mata gashin fiffike har ta saba. Waɗanda haƙurinsu bai kai ba sukan je taya tukunyar maƙwabcin. A ranar kuɗinta ke tashi.